Shekarar da Na Kafa wa Tudu Turke

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a gidan baffanku Habu: wai ni na fitar da limanci daga gidanmu, ni na sa aka yanke gonar ubanmu, duk don in nuna wa ƙauye na yi boko. Habu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ba zan tsaya jayayya da wanda ba zai iya ba ni amsa ba. Sai dai a shekarar yana Zariya wajen karatu, labari ya dawo ya tarar, ni kuwa hannuna ne ya yi aikin. Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma wannan rabin ne yake hana ni sakewa har yau. Tunda idona bai gama mutuwa ba, gara in rubuta muku abin yadda ya faru, ku daina tsintarsa a bakin mutane.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, inda mai jaki zai yi sammako ya ci kasuwar kowanne ya dawo da sauran rana. Baba shi ne limamin masallacinmu, ya gaji mahaifinsa, shi ma ya gaji nasa. Mutum ne marar yawan magana, mai tsantseni har ya gundure ka. In kazar maƙwabta ta yi ƙwai a dangarmu, sai an mayar da shi da ɗuminsa. Duk rigimar da ta tashi, ta gado ce ko ta ɓarnar dabbobi, zaurensa ake kawo ta kafin a kai gaban mai unguwa, kuma al'adarsa ita ce ba ya yanke magana daga zaune. Sandarsa zai ɗauka ya ce a je a gani.

Da kakana ya rasu, 'ya'ya biyu ya bari: Baba da ƙanwarsa Hurera, wadda muke kira Gwaggo Hure. Aka raba gonar gado, Baba ya ɗauki gabas, ita ta ɗauki yamma, aka shuka layin gamba a tsakani don ya zama iyaka. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi zalla, kuma kun san gamba da tare rairayi. Shekara kan shekara yana taruwa a gindinta har ya zama dogon tudu, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Daga baya gambar ta mutu, ga yankan zana, ga awaki, ga rairayin da ya shaƙe ta, amma tudun ya zauna. Babu wanda ya damu da sake shuka wata. Me za a yi da ciyawa alhali ga tudu guda? Itace ana tuge shi, dutse ana mirgina shi, amma wa zai ɗauki tudu mai tsawon gona ya matsar? Baba yana noma har gindinsa ta gabas, Gwaggo tana shuka daga gindinsa ta yamma, kowa hankalinsa kwance.

Kowa ban da Gwaggo. Aure ya kai ta Dabawa, mijin ya rasu, ta dawo da 'ya'ya mata biyu, wannan gonar ita ce cinsu, ita ce suturarsu. 'Yar siririya ce, mai baki kamar aska, kuma ita kaɗai ce a duniya take iya kiran Liman "Yaya" ta yi masa tsawa. Tana da wata tsohuwar ƙwarya ta mahaifiyarsu, an ɗinke ta wuri biyu, da ita take awon iri. A cewarta, shekarar da aka ba ta gonar, in ta cika ƙwaryar nan da gero ta fara shuka daga yamma, tsunkulen ƙarshe a gindin tudu yake faɗawa. Tun ina yaro, duk ranar shuka da yamma sai ta shigo gidanmu da ƙwaryar a hannu, ta karkata ta a gaban Baba.

"Yaya, iri ya yi saura kuma."

"To ki gode Allah mana, Hure. Ki dama kunu da shi."

"Bara cikin tahin hannu biyu ya rage, bana uku. Gona ba ta shiga ruwa balle a ce ta ƙanƙance."

"Hannunki ne ya koyi rowa. Tsufa ke nan."

Mu kuma mu bushe da dariya. Abin ya zama wasan gida, har in tuwo ya rage a akushi sai wani ya ce gonar Gwaggo ce. Ni na fi kowa iya kwaikwayon muryarta, kuma ina jin kunyar rubuta wannan.

Na girma, En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani, ta ɗauke ni makaranta, na fito malami, aka ajiye ni a Dutsin-Ma ina koyarwa. Shekaru kaɗan ne kafin mulkin kai. Ina da keke, ina da agogo, ina da farin takalmi, a ganina babu abin da ya rage mini a duniya sai gemu. Cikin abin da nake koyarwa akwai labarin ƙasa, a littafin kuwa akwai wani darasi da nake karanta wa yara ina jin kamar ƙarya nake shara musu. Wai a ƙasashen sanyi ƙanƙara takan taru a kan manyan duwatsu shekara da shekaru ba ta narke ba, ta yi kaurin da ya fi tsayin rimi, har nauyinta ya sa ta fara gangarowa kwari kamar kogi, amma a hankali ƙwarai. Tana tafe tana ɓamɓare duwatsu tana riƙe su a cikinta, tana gurzar ƙasa da su, har ta rarake kwari ta bar shi da faɗin gindi. In ta narke sai a ga ƙaton dutse a tsakiyar fili, inda babu danginsa ko ɗaya. Mu da iyakar saninmu da ƙanƙara ita ce wadda take zubowa da ruwan sama, yara su tsinta su tsotsa kafin ta narke! Yara suka tambaye ni yadda aka yi aka san tana tafiya tunda ido ba ya gani. Littafin ya ba da amsa: wai an kakkafa turke a jere a bisa ƙanƙarar, daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka yi alama a duwatsun gefe, da shekara ta zagayo aka tarar layin ya lanƙwashe, na tsakiya sun yi gaba. Na faɗa musu haka, suka rubuta, ni kuma a raina na ce Turawa dai ba su rasa abin yi. A shafi na gaba akwai darasin iska, yadda take kwashe rairayi daga wuri ta jibge a wani, da hoton raƙuma a hamada. Shi ma na koyar da shi a matsayin labarin wata ƙasa mai nisa.

A daminar shekarar da nake ba ku labari aka yi suna a gidan mai unguwa. Mata suna ciki, maza muna waje, danga ce kawai tsakani. Wata ta tsokani Gwaggo da zancen kunun sauran iri, kuma ranar ba ta ɗauka da wasa ba. Muryarta ta ƙetare danga sarai.

"Ku yi ta dariya. Gonar yamma tana ramewa, ta gabas tana ƙiba. Ni ban kama sunan kowa ba, amma Allah shina gani."

Na dubi Baba, na ga ya sunkuyar da kai yana jan carbi, kunnuwansa kawai suke motsi. Kafin mako ya zagayo magana ta kai kasuwa. Wani dillalin gyaɗa a Kurfi ya tare kekena, yana murmushin da ban so ba, ya ce yaya Liman, yaya ƙarin gona. Na dawo gida ina huci. Mutumin da yake mayar da ƙwan kaza, shi za a ce ya ci ƙasar marayu? Na rantse a raina sai na rufe bakin tsohuwar nan rufewa ta har abada, kuma a kan keken nan dabarar masu ƙanƙara ta faɗo mini. Su abin da suke zargi da tafiya suka kafa wa turke. To ni ma zan kafa wa tudu, kowa ya ga ko taki ɗaya ba ya yi.

Da na gaya wa Baba, bai so ba.

"Bar ta. Ƙanwata ce, in ta gaji ta yi shiru."

"Baba, sunanka ne a kasuwa."

"Sunan nawa kai ya dama, ko ni?"

Ban ji ba. Da aka gama girbi aka kwashe kara, na sa aka sassaƙo mini turke uku na ƙirya, don gara ba ta cin ta. Ban tsaya nan ba, kuma a nan ne na yi kuskuren da Habu yake da gaskiya a kansa: na gayyato mai unguwa da dattawa huɗu su zama shaidu. Ba don neman gaskiya na kira su ba, gaskiya ai a ganina tana aljihuna. So nake ranar da za a dawo a tarar da turke yadda aka bar su, a sami idanun da za su kalli Gwaggo. Na kafa su a gindin tudu ta ɓangarenta, ɗaya a kudu, ɗaya a tsakiya daidai da wani gawo da ke gonar Baba, ɗaya a arewa, kowanne na bar kansa a waje kamar tsawon tafin hannu. Aka yi alkawari za a dawo a duba in hadarin farko ya fara haɗuwa, kafin shuka. Gwaggo tana tsaye da hannu a ƙugu tana kallona.

"Lawali, tudun ne ka ɗaure ko akuya? Ka kawo mashi dusa mana."

Dattawa suka yi dariya, ni ma na yi, ina cewa a raina za ki gani.

Rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. Saura 'yan kwanaki ranar alkawari, na taho gida hutun mako, sai na ce bari in biya ta gona in ga turakena, in ji daɗi ni kaɗai tukuna. Bayan azahar ne. Na jingine keke a gindin gawo, na haye tudu na sauka ta yamma. Babu turke. Na bi gindin tudun daga kudu har arewa, na dawo, babu ko ɗaya. Abin da ya fara zuwa raina shi ne Gwaggo ta tuge su, har na fara shirya maganar da zan yaɓa mata. Sai na tsaya daidai da gawon, na durƙusa na fara tona da hannu. A gindin tudu ban sami komai ba. Na ci gaba da yashe rairayi ina shiga ciki, sai da hannuna ya shige kusan zuwa gwiwar hannu, yatsana ya taɓa kan itace. Yana nan daram inda na kafa shi, ko karkacewa bai yi ba. Tudun ne ya hau kansa.

Na zauna a wurin, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Can gabas ta yi baƙi, irin hadarin bazara mai yawan iska da ƙarancin ruwa, iskar ta taso. Da can in ta taso gudu muke yi mu shige ɗaki, ranar kuwa na kwanta rubda ciki a gefen tudu, na kare idona da hannu ina kallo. Rairayin ba sama yake tashi ba. Ƙasa-ƙasa yake tafiya, yana tsalle bai wuce ƙauri ba, ƙwaya ta faɗi ta bugi wata, waccan ma ta tashi. Daga gonar Baba yake tahowa, wadda aka cire gyaɗa aka kwashe harawa aka bar ta tsirara, sako-sako kamar gari. Ya hau bayan tudun ta gabas, yana ɗebe na wurin yana tafiya da shi, in ya kai ƙoli sai ya sulale ta yamma inda iska ba ta kaiwa, ya kwanta. Ana rage wa tudu ta baya, ana ƙara masa ta gaba. Da iskar ta lafa, ramin da na tona ya kusa cikewa. Na ƙetara gonar Baba na dube ta da sabon ido: saiwoyin gawon suna waje, har akuya za ta iya shigewa ƙarƙashinsu, ga jar marmara ta fara leƙowa a wuraren da ina yaro ƙafa take nutsewa. Gonarmu ta ƙara faɗi, amma naman jikinta ya tafi. Kuma duk mun san wannan iskar! Kowace shekara bangon gabas muke sake yaɓewa don shi take ci. Mun yarda tana cin bango, ba mu taɓa tambayar abin da take yi wa tudu ba. Ni da nake tsayawa gaban allo ina zana kibiyoyi, sai da na kwanta a ƙasa rairayi ya cika mini kunne sannan na gane darasin da ake biyana in koyar.

Yanzu zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa mahaifiyarku ba. Na sake tona ramin, na kama turken nan na tsakiya, na jijjiga shi har ya fito. Na riƙe shi a hannu. Babu kowa a dajin sai ni. In na mayar da shi sabon gindin tudu, na yi wa sauran biyun haka, aikin da bai fi a sha ruwa ba, shi ke nan: Baba ya fita, Gwaggo ta zama mahaukaciya a gaban shaidu, ni kuma na zama ɗa nagari. Har na ɗora tsininsa a sabon wurin, na ɗauko dutsen bugawa. Abin da ya tsayar da ni ba tsoron Allah ba ne, kada in yi muku ƙaryar waliyyaka. Ƙwaryar nan ce ta faɗo mini, yadda take karkata ta a gaban Baba, da muryata ina kwaikwayonta. Shekara ashirin da wani abu matar nan tana awo daidai, da ƙwarya mai ɗinki biyu, mu muna cewa tsufa ne. Na mayar da turken raminsa na asali, na tura rairayi na rufe.

Na sami Baba a zaure bayan la'asar, shi kaɗai, yana gyara alƙalami. Na durƙusa na faɗa masa duka, har da tugewar. Bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana duban wuƙar da ke hannunsa.

"Wa ya matsar da shi?"

"Ba kowa, Baba. Iska ce. Kowace shekara kaɗan-kaɗan, ido ba ya gani. Babu laifin kowa."

"Iska." Ya gyaɗa kai. "To geron da aka noma a wurin, iska ta ci shi?"

Na ce ai za a iya gyarawa a cikin gida, in je in ba mai unguwa haƙuri a ce an fasa dubawa, shi da Gwaggo su daidaita tsakaninsu. Ya dube ni, irin duban da ban taɓa gani a idonsa ba, ba fushi a ciki, gajiya ce.

"Kai ka tara mutane. Wanda aka kira shaida a farko, ba a sallamarshi a ƙarshe. Tashi ka tahi."

Ranar alkawari Baba da kansa ya karɓi fartanya ya tona, a gaban mai unguwa da dattawa da 'yan kallon da ba a gayyata ba. Turke uku suka fito, kowanne a cikin cikin tudu. Aka ce in yi bayani, na yi, ban ko ambaci ƙanƙara ba. Dattawa suka yi ta salati, wani ya ce shi dama ya taɓa lura tudun kamar ya yi nesa da gawo, alhali da bakinsa ya fi kowa dariya. Na saci kallon Gwaggo ina jiran guɗa ko gori. Bakin zanenta kawai take murzawa. Sai aka zo kan tambaya mai wuya: ina iyakar take tun asali? Gambar ta ruɓe tuntuni, waɗanda suka yi rabon duk sun mutu. Mai unguwa ya ce a raba tazarar da ke tsakanin tudu da gawo biyu, a huta. Baba ya ce a'a.

"Akwai ma'auni. Ran da ruwa ya sauka, ta cika ƙwaryar Inna ta fara daga yamma yadda ta saba. Inda iri ya ƙare, nan ne iyaka."

Kwana shida bayan haka aka yi ruwan shuka. Baba ya hana kowa riƙe sungumi, shi ya shiga gaba yana sara, tsoho mai furfura, ita tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Tun hantsi suke yi har rana ta take. Da suka iso gindin tudu ta tsaya, ta karkata ƙwaryar kamar yadda ta saba, akwai saura da yawa. Baba ya haye tudun ya sauka a gonarsa ya ci gaba da sara. Ta bi shi. Layi ɗaya, biyu, uku. Ina gefe, sai na lura hannunta ya sauya: maimakon tsunkule, cika yatsu take yi tana zubawa a rami, don irin ya ƙare da wuri. Ashe Baba ma ya gani, ko da yake bayansa yake ba ta. Ya tsaya, bai juyo ba.

"Hure. Shuka yadda Inna ta koya maki."

"Yaya, ya isa haka nan. Wallahi ya isa."

"Ba ke za ki ce ya isa ba. Ƙwarya za ta ce."

Tana kuka tana shuka. Sai da suka yi layi goma sha ɗaya a cikin gonar Baba sannan ƙwarya ta koma wayam. A nan aka sake shuka gamba, layi biyu, kuma daga shekarar Baba ya hana a kwashe kara duka bayan girbi, ya ce a bar wa ƙasa abin rufa jiki.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta muku wannan ba, don ƙasa ce ta koma ga mai ita. Amma washegari bayan sallar asuba Baba ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ce daga yau na'ibinsa, wani malami daga gidan da ba namu ba, shi zai riƙa jan salla. Masallaci ya rikice. Mai unguwa ya ce ai kowa ya ga iska ce, babu wanda ya ce Liman ya yi zalunci.

"Na san ban saci ƙasa ba," in ji Baba. "Amma mai haƙƙi ta zo ƙohwata shekara ashirin da ƙari, na sallame ta da wasa. Da baƙo ne ya kawo irin wannan magana a kan wani, da tun ran farko na ɗauki sanda na tahi na gani. Da ta zo a kaina, ban tashi ba. Wanda ya yi haka ba ya tsayawa gaban mutane."

Aka yi roƙo har aka gaji. Gwaggo ta zo da hantsi ta zube a ƙofar zaure, ta ce ta yafe, ta ce a mayar da iyaka inda take, ta ce ita gonarta ta nema ba rawanin ɗan'uwanta ba. Ya ce ya gode, Allah ya yi mata albarka, amma magana ta ƙare. Da ta fito ta same ni a tsakar gida, ta tsaya a gabana, idonta jawur.

"Kai da turakenka. Da ka zo ka hwaɗa mani a ɗaki, da ni da Yaya mun gama abinmu, ba wanda ya ji."

Gaskiya ta faɗa. Limancin da ya yi kaka da kakanni a gidanmu ya tafi ke nan, bai dawo ba. Habu da aka tura Zariya don ya gaji wurin, ya dawo da littattafai ya tarar babu wurin, ya ƙare rayuwarsa yana koyar da yara a zaure, yana kallona a matsayin wanda ya yanke masa hanya. Ba na ganin laifinsa. In kuka tambaye ni ko na yi nadamar mayar da turken nan raminsa, ban yi ba, ko yau aka sake zan mayar. Nadamata tana kan ranar da na tafi gidan mai unguwa da farin takalmina ina gayyatar mutane su zo su ga yadda zan kunyata gwaggona.

Azahar ɗin ranar ita ce salla ta farko da aka yi ba shi ne a gaba ba. Na makara da gangan, na shiga sahun ƙarshe kusa da ƙofa don kada mu haɗa ido. Ana tayar da iƙama sai na ji mutum ya shigo ya tsaya a damana, ya daidaita ƙafarsa da tawa. Tun da na fara salla, bayan Baba na sani: ƙeyarsa, da jelar rawaninsa, da yadda rigarsa take tattarewa in ya yi ruku'u. Ban taɓa sanin tsayinmu ɗaya ba sai ranar. Kafaɗarsa tana jingine da tawa, kuma da sabon liman ya yi kabbara, na ji tana rawa, rawar da bai iya tsayarwa ba har muka kai raka'a ta biyu.

Shekara tara ya yi bayan haka, kuma duk ranar da nake gida a nan yake tsayawa, a sahun ƙarshe, a damana. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya. Ni kuma kullum in muka sallame sai in ce yau zan tambaye shi ko ya yafe mini, sai in ga yana neman takalminsa, in ce bari sai gobe. Ban tambaya ba har aka binne shi.